Zanen Da Ya Ƙi Zama

Duk wadda ta taɓa kwanciya a ɗakin mata na babban asibiti ta san Sista, kuma in ka tambaye ta za ta ce mace ce mai kirki, sai dai bakinta ba linzami. Aikin jinya ta yi har furfura ta same ta a cikin fararen kaya. Ba ta iya rarrashi ba. In ciwo mai warkewa ne ta ce zai warke, in ba mai warkewa ba ne ta yi shiru ta gyara wa mutum matashin kai, kuma marasa lafiya sun fi tsoron wannan shirun a kan allura. Da ta ajiye aiki sunan bai ajiye ta ba. Mai kanti, mai wanki, har surukinta, kowa Sista yake ce mata.

A hawan ƙarshe na wani dogon gini take zaune, ɗaki biyu da falo. Mijinta ya rasu. Ɗanta yana wata ƙasa mai nisa, in nan rana ce can dare ne. 'Yarta tana aure a wani gari, kuma ba za a ce ba ta kira ba, kullum da safe sai ta kira, amma tana magana tana shirya yara makaranta, rabin maganar da yaran take yi. Sista ta ce mata gwiwarta na ciwo, sai ta ji an ce, "Kai, ina safarka ɗaya?"

Gidan tsaf yake kamar ɗakin tiyata. Bango fari, labule fari, zanin gado fari. Bayan rasuwar maigidan ta sauke hotunan falo gaba ɗaya ta jera su a kwali, don ta gaji da kallon mutanen da ba sa amsa sallama. Kaɗaici ya dame ta sosai, amma da za a yanka ta ba za ta faɗa ba. In maƙwabta sun tare ta a matakala cewa take, "Lafiya lau," da irin muryar da ke hana mutum ƙara tambaya.

Wata rana iska ta buga tagar kicin, gilashin ya tsage. Ta auna da kanta, ta tafi shagon Mai Gilashi, wani dattijo mai yankan gilashi da haɗa firem ɗin hoto a bayan tasha. Sun san juna, don ita ta yi jinyar mahaifiyarsa. Yana cikin yanka mata gilashin ta ɗaga kai, sai ta ga wani zane rataye a saman madubai.

Igiyar shanya ce a kan rufin gida, cike da kaya, iska na kaɗa su. Ga wata 'yar riga ja, jan da har ido ke ji. Ga wando shuɗi, ga zanin gado ruwan ɗorawa, ga safa ƙanana guda uku, ta huɗun babu. Sararin samaniyar ma ba shuɗi aka yi shi ba, ruwan lemo ne, kamar wadda ta zana ba ta taɓa ɗaga kai ta duba ba. Sista ta tsaya ta kasa ɗauke ido. Rabon da igiyarta ta cika haka tun yara na ƙanana, yanzu in ta yi wanki abin bai wuce riga biyu da tawul ba.

"Nawa ne wancan?" ta tambaya.

"Ba nawa ba ne, Sista. Na 'Yar Kala ne. Kuma ba ta sayarwa yadda mutane ke sayarwa." Ya ɗaga murya. "'Yar Kala! Fito, ga ciniki ya biyo ki har gida."

Daga wani lungu a bayan shagon wata mace ta fito tana goge hannu da tsumma. Ba yarinya ba ce, ta kai talatin da wani abu, siririya, da tabarau wanda aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Ko ba a faɗa ba ka san inda ta samo sunan, don kowane farcenta da launinsa. Mai Gilashi ne ya ba ta lungun take aiki, shi kuma ya rataye mata zanenta a shago ko Allah zai kawo mai so.

Ta durƙusa ta gaisa. Sista ta maimaita tambayarta.

"Mama, sai na ga bangon tukuna."

"Bangon me? Bango ai bango ne."

"A'a, Mama. Zane kamar baƙo ne, wani gidan ya sake, wani gidan ya takura. Ni yadda nake yi, in zo in ga bangon, in rataye, ki zauna da shi mako guda. Sai in dawo in tambaye ki. In ya zauna, ki biya. In bai zauna ba, in ɗauke in kawo wani."

"To wa ya ɗora miki wannan wahalar?"

'Yar Kala ta yi dariya, ta ce wani mutum ne ya taɓa sayen zanenta yana ta yabo, bayan wata biyu ta wuce ta ƙofar gidansa ta ga an toshe tagar gareji da shi. Tun daga ranar ta yi rantsuwa. Sista ta taɓe baki, ta ce 'yan zamani dai ba sa rasa iyayi, amma ta yi mata kwatancen gidan.

Ranar Laraba da la'asar 'Yar Kala ta zo, zanen naɗe cikin tsohon bargo, guduma da ƙusoshi a jaka. Ta hau matakalar nan duka tana haki. Sista ta zaci minti biyar za a yi a gama. Ina! Matar ta ajiye kaya, ta zauna a ƙasa a tsakiyar falo ta tasa bango a gaba, wai tana jiran rana ta karkato ta ga inda haske ke sauka. Tunda ba a barin baƙo ya zauna baki bushe, Sista ta dafa shayi, ta ciro kofi na biyu daga can ƙuryar kabad, sai da ta wanke masa ƙura.

Hira ta ɓarke ba tare da kowa ya shirya mata ba. 'Yar Kala irin mutanen nan ne masu tambaya su kuma tsaya su ji amsa. Ta tambayi yadda ake gane jariri zai rayu, ta tambayi ko Sista ta taɓa suma don ganin jini. Sista ta ba ta labarin wani likita da ya faɗi a ɗakin haihuwa, aka bar mai naƙuda aka koma yi masa fifita. 'Yar Kala ta yi dariya har shayi ya sarƙe ta. Da haske ya iso bangon, ta miƙe ta buga ƙusa, ta rataye, ta ja baya ta karkata kai, ta gyara. Ta tafi ta bar shatin babban yatsa kore a jikin farin kofin. Sai bayan an rufe ƙofa Sista ta ji maƙogwaronta ya bushe, don ta daɗe ba ta yi magana mai tsawon haka ba.

Makon nan kaf a falo ta ci abinci. Da safe jar rigar ce ke fara kama haske, da yamma sararin ruwan lemon nan ya cika ɗakin har farin labule ya ɗauka. Ta so zanen, so na gaske. Ta gaya wa 'yarta a waya, 'yar ta ce, "Kai, madalla, Mama. Ke, ajiye wannan wuƙar!"

Sai da Laraba ta zagayo, ta ɗora ruwan shayi, ta ciro kofi biyu, sannan lissafin ya faɗo mata. In ta ce ya zauna, shi ke nan. Za ta biya, matar ta yi godiya, ta sauka matakala, ba kuma abin da zai sake hawo da ita. Laraba mai zuwa za ta zama kamar Talata.

'Yar Kala ta shigo, ta gaisa, ta kalli bango tana murmushi. "To, Mama, ya baƙon naki? Ya zauna?"

Sista ta zuba sukari, ta juya, ta sake juyawa. Matar da ta shekara aru-aru tana gaya wa mutane abin da ba sa son ji, yau ta buɗe baki ta ce, "Bai zauna ba. Jan nan ya yi yawa. Yana yi mini ihu a ka."

Murmushin ya ɗan rage, amma bai tafi ba. 'Yar Kala ta matsa kusa da zanen ta daɗe tana kallon jar rigar. "Kin san kuwa na yi ta tunanin haka," ta ce. "To ba komai. Mako mai zuwa in kawo wani." Suka sha shayi, suka yi hira har rana ta faɗi. Ta naɗe igiyar shanyar a bargo ta sauka da ita. Sista ta ji zafin rabuwa da zanen, amma ta lallashi kanta cewa yana nan a shago, duk ranar da ta ga dama sai ta ce a dawo da shi.

Ƙarya ta farko ce mai wuya, sauran da kansu suke zuwa. Aka kawo zanen laimomin 'yan kasuwa a ƙarƙashin ruwan sama, Sista ta ce ruwan ɗorawan yana sa mata ciwon kai. Aka kawo kifaye a cikin koren baho, ta ce koren kamar na rigar tiyata, ta gaji da ganinsa. Aka kawo zanen wata mata tana tsefe wa 'yarta kai a bakin ƙofa, wanda Sista ta yi kuka a gabansa har sau biyu a makon, ta ce shuɗin ya cika sanyi. Abin haushi ma, ta gwanance. Tun ranar Litinin take zama ta tasa zane a gaba tana neman masa aibu, kamar mai duba kan yaro ko da ƙwarƙwata.

Larabobin kuwa suka zama abin da take rayuwa dominsa. Ta fara sayen biskit mai tsada. Ta san cewa 'Yar Kala tana zaune a ɗaki ɗaya a gidan yayanta, kuma matar yayan tana kiran aikinta "wasan yara." Ta san manyan kantunan kayan ɗaki sun ƙi karɓar zanenta, sun fi son hotunan da inji ke bugawa, dawakai da duwatsu iri ɗaya a kowane gida. Ta san tana da gyambon ciki, ta yi mata faɗa a kan shan shayi ba abinci. Wata Laraba ma har ta yanke mata farce, tana mita cewa wannan ba hannun mace ba ne, bakin gwangwanin fenti ne.

Abin da Sista ba ta sani ba, ko ta ƙi ta sani, shi ne nauyin maganarta. Tun ranar farko Mai Gilashi ya gaya wa 'Yar Kala, "Wannan matar da kike gani ba ta taɓa ƙarya ba. Ita kaɗai ta gaya mini gaskiya a kan tsohuwata, likitoci suna ta kwana-kwana." Saboda haka duk abin da Sista ta faɗa, 'Yar Kala ba ta ɗauke shi a matsayin ra'ayin tsohuwa mai tsirfa ba. Ɗaukarsa take kamar sakamakon gwajin asibiti. Abokai sun saba cewa aikinta ya yi kyau, amma abokai ai ba sa saye. Ga mace guda da ba ta san kara ba, ta zauna da zanen mako guda cur, ta ce da matsala. To lallai da matsala.

A hankali launukan suka fara ja da baya. Jan ya koma ruwan ƙasa. Ruwan ɗorawa ya koma kamar tsohuwar takarda. Sista ta lura, ai ba makauniya ba ce, sai dai ta gaya wa kanta cewa masu zane haka suke, yau nan gobe can. 'Yar Kala kuma ta rage dariya. Takan zo ta rataye, ta ja baya, maimakon ta kalli zanen sai ta kalli fuskar Sista.

Wata safiya Sista ta bi ta bayan tasha za ta sayi magani, ta leƙa shagon Mai Gilashi. Saman madubai wayam, sai ƙusoshi.

"Ina zanen 'yar taka?"

Mai Gilashi ya ajiye abin yankansa. "Ni ma tambayar da nake son yi miki ke nan, Sista. Me kike gaya wa yarinyar nan? Ta zo ta sauke su duka, wai hayaniya ce kawai, wai ta daɗe tana yaudarar kanta. Da in tana aiki a lungun nan har waƙa nake ji. Yanzu sai in leƙa in ga ko tana nan."

"Ni me na ce? Ra'ayina na faɗa."

"To ai shi ne. Da wani ne ya faɗa, da ta watsar."

Sista ta fita ko maganin ba ta saya ba. A hanya ta yi ta yi wa kanta huɗuba: ai ba ta kashe kowa ba, ai za ta saya daga ƙarshe, ai har biyu za ta saya. Amma ta yi aikin jinya ta san yadda ciwo ke kama in an bar shi, kuma ta san wannan ita ta bar shi.

Laraba ta zo. 'Yar Kala ta hawo a hankali, ta gaisa, ta kwance bargo ba tare da ta jira haske ba. Zanen taga ce a rufe, da kujera a gefenta. Ruwan toka, da fari, da wani abu mai kama da ruwan wanki. An yi shi da kyau, ba inda layi ya karkace, kuma da za a rataye shi a ɗakin jiran likita ba wanda zai ɗaga kai. Ya dace da farin bangon Sista har ba ka gane inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara.

"Wannan ne na ƙarshe, Mama," ta ce, tana mayar da guduma jaka. "In ya zauna, alhamdu lillahi. In bai zauna ba ma na gode. An ba ni aiki a wurin masu buga allunan talla, farkon wata zan fara. Yayana ya yi murna." Ta yi ɗan murmushi. "Kin taimake ni. Da ban haɗu da ke ba, da sai in tsufa ina ɓata fenti."

Sista tana riƙe da butar shayi. Ta ajiye ta.

"Zauna, 'yar nan."

Ta zauna.

"Wannan zanen ba shi da kyau."

"To, Mama."

"Ba 'to' ba. Tsaya ki ji. Wannan ne kaɗai marar kyau a cikin duk abin da kika kawo gidan nan. Sauran ba abin da ya same su. Jan bai yi yawa ba. Ruwan ɗorawan bai taɓa sa mini ciwon kai ba. Matar nan mai tsifa, kuka na yi a gabanta." Ta yi gyaran murya da ƙarfi. "Tun na farko ya zauna. Tun daren farko. Na ga in na faɗa ba za ki dawo ba, ni kuma ba mai hawo matakalar nan sai mai karanta mitar wuta. Shi ke nan. Ƙarya na yi miki."

'Yar Kala ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi, ta mayar.

"Na farkon nake so," Sista ta ce da sauri. "Mai igiyar shanya. Ki kawo shi, ki faɗi kuɗinsa, ko nawa ne. Da mai tsifar. Duka biyun."

"Mai tsifar na wanke shi." Ta faɗa a hankali, ba fushi a muryar tukuna. "Katako tsada gare shi, Mama. In zane bai yi ba, shafe shi nake da fari in sake amfani da allon."

"Mai shanyar fa?"

'Yar Kala ta miƙe, ta sauke zanen tokan daga ƙusa, ta juya gefensa ta nuna mata. A kaurin katakon, inda buroshi bai kai ba, ga wani siririn layi ja, da ɗigon ruwan lemo.

"Ga shi nan a ƙasa," ta ce.

Sista ta kai yatsa ta taɓa layin. Ta ga mutuwa iri-iri ba ta yi kuka ba, amma yau sai da ta zauna a hannun kujera.

"Ba a iya kankarewa?"

"Ba a iyawa."

Sai a lokacin fushin ya iso, kuma bai zo da ihu ba. 'Yar Kala tana naɗe allon a bargo tana magana, ba ta kallon kowa. "Kin san dare nawa na yi ina kallon hannuna ina cewa ashe ban iya ba? Na sauke kayana daga shago. Na ba 'ya'yan yayana fentina masu haske su yi wasa. Na je na tsaya a gaban mai allunan talla ina roƙo." Ta ɗaure bargon, ta ja igiyar da ƙarfi. "Da kin ce, ''Yar Kala, ki riƙa zuwa muna shan shayi,' wallahi da na zo. Da gudu ma. Ke kina ganin ni ina da wani wurin da ake ciro mini kofi? Ba sai kin kashe mini aiki ba, Mama."

"Ki yafe mini."

"Allah ya yafe mana." Ta saɓa allon, ta tsaya a bakin ƙofa kamar za ta ƙara wani abu, sai ta fasa. Shayin ranar ba wanda ya sha.

Kwana biyu Sista ba ta fita ba. A na uku ta yi wanka, ta sa kayan fita, ta yi abin da ba ta taɓa yi ba tun da ta tare a ginin: ta ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabta. Ta fara da Malama, mai koyarwa a makarantar firamare, wadda ke hawan da ke ƙasa da nata. Malama ta buɗe ƙofa ta firgita, ta zaci gobara ce. Sista ta shiga ta kalli falon ta ce, "Wannan hoton dawakan, a asibitin haƙori ma akwai irinsa. Akwai wata mai zane a bayan tasha, ki je ki ce ni na aiko ki. Ki ce mai haske kike so. In ta nuna miki ruwan toka kar ki karɓa."

Haka ta bi ginin hawa-hawa, gwiwa na ciwo. Ta kira tsofaffin abokan aikinta ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ba sa ga maciji da ita. Ta kira 'yarta da rana tsaka, lokacin da yara ke makaranta, ta ce mata ta yi shiru ta saurara, kuma 'yar ta saurara. Ta je wurin Mai Gilashi ta gaya masa abin da ta yi, a tsaye, ba ta rage komai ba. Dattijon ya kalle ta ya ce, "Garin neman gira." Bai ƙarasa ba, ita ma ba ta buƙaci ya ƙarasa ba.

Maganar Sista dai har yanzu tana da nauyi, wannan karon ta yi amfani. Mutane suka fara zuwa lungun. Mai Gilashi ya ce da farko 'Yar Kala korarsu take, tana cewa ta daina. Daga baya wata tsohuwar ungozoma ta zauna mata a shago ta ce ba inda za ta sai an bi ta an ga bangonta. Farkon wata ya zo ya wuce, masu allunan talla suka ɗauki wani. Da Sista ta sake bi ta bayan tasha, ta hango ja da kore a saman madubai. Ba ta shiga ba, ta tsallaka titi ta wuce.

Wata Asabar da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ta taso da sauri har tana tuntuɓe da tabarma. Mai Gilashi ne, yana haki, da allo naɗe a takarda.

"Aike ne," ya ce. "Ina ƙusar?"

Ya rataye ya ja gefe. Bahon lemo ne a kan tebur, wasu sun gangaro ƙasa, da shuɗin bokiti, da wata kyanwa baƙa tana leƙe. Teburin ja ne, jan da ya fi na rigar nan ƙarfi, kamar da gayya aka zuba shi. Falon gaba ɗaya ya canza, har fuskar dattijon ta yi haske.

Sista ta daɗe tana kallo. "Ka gaya mata ya zauna," ta ce. "Ba sai an jira mako ba. Ka ce ya zauna."

Mai Gilashi ya sosa ƙeya. "Ba ta ce in tambaya ba, Sista. Ta ce wannan ba na gwaji ba ne. Naki ne kawai."

"Bari in dafa maka shayi."

"A'a, na bar shago ba kowa."

Malama ta hawan ƙasa ita ma ta yi odar nata, kuma ita gwaji aka yi mata kamar kowa. Wata la'asar Sista tana wanke kofi a kicin, taga a buɗe, sai ta ji dariya ta taso daga ƙasa. Ta san dariyar, har da tarin da ke biyo bayanta in shayi ya sarƙe mai ita. Ta kashe famfo. Ta ji bugun guduma, ta ji Malama na cewa a ɗan matsa hagu. Ta goge hannu, ta gyara ɗankwali, ta je ta tsaya a bayan ƙofarta, hannu a kan mariƙi.

An daɗe kafin ƙofar ƙasa ta buɗe. Aka yi sallama, aka rufe. Takun ya fito kan matakala ya tsaya. Sista ta riƙe numfashi, tana jin jakar guduma na ɗan ƙara a kafaɗar mai ita. Tsayuwar ta yi tsawo, tsawon da ya isa mutum ya ɗaga kai ya kalli hawan sama.

Sannan takun ya nufi ƙasa, yana raguwa hawa bayan hawa, har ƙofar gini ta rufe. Sista ta saki mariƙin, ta koma falo ta zauna a gaban jan teburin, rana tana kansa.